Steve Jobs ya kushe ƙananan tabilet, to ya aka yi iPad mini ta fito, kuma me ya sa inci 7.9?

Ɗan'uwa tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce ka ji labarin Steve Jobs da bakinsa ya kushe ƙananan tabilet, to me ya kai Apple suka zo suka yi iPad mini, sannan me ya sa girman fuskarta ya zama inci 7.9, lamba mai gutsure haka, ba 7 ko 8 cif ba. Ni ta biyun ta fi burge ni don a nan ainihin labarin yake. Aikina rubuta manhajojin waya ne, kuma ina cikin waɗanda cikinsu ya ɗuri ruwa a 2012 lokacin da ake ta raɗe-raɗin ƙaramar iPad na tafe, don mu a wajenmu duk sabon girman fuska ƙarin wahala ne, sai ka koma ka sake jera komai tun daga farko.

Maganar Jobs gaskiya ce, ba ƙage aka yi masa ba. A watan Oktoba na 2010 ne, lokacin da kamfanin ke yi wa masu hannun jari bayanin cinikin wata uku, ya shigo ya yi dogon jawabi a kan tabilet masu inci 7 da ke shirin cika kasuwa, irin su Galaxy Tab ta Samsung wadda ta fito a ƙarshen shekarar. Ya ce gawa za su iso kasuwa, wato sun mutu tun kafin a sauke su, har da zolayar cewa sai dai a haɗa wa mai saye da sanfefa ya goge yatsunsa su koma kwatan girmansu kafin ya iya taɓa abin da yake so. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Mutane suna jin inci 7 da kusan 10 na iPad sai su ɗauka ai kashi 70 cikin ɗari ne, alhali inci ɗin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, in ka zo ga faɗin fili na gaske fuska mai inci 7 ba ta kai rabin ta iPad ba, shi ya ce kashi 45 ce. To ka ɗauki manhajar da aka tsara wa babban fili ka matse ta cikin ƙasa da rabi, maɓallan za su koma kamar ƙwayar gero.

Sai dai ko a cikin gidan ba kowa ya yarda da shi ba. A shari'ar Apple da Samsung ta 2012 an fito da wani imel na Eddy Cue, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, wanda ya rubuta a Janairun 2011, yana cewa ya gwada Galaxy Tab kuma yana ganin akwai kasuwar inci 7, ya kamata su ma su yi, har ya ce ya yi wa Jobs maganar kuma kamar ya fara saukowa. Jobs ya rasu ranar 5 ga Oktoba 2011, shekara guda da 'yan makonni kafin mini ta fito, saboda haka masu cewa an jira ya mutu ne aka saɓa masa, labarin ya fi haka tsawo. Kuma shi dama mutum ne da yake kushe abu yau gobe ya fito da shi, ya yi haka da kallon bidiyo a iPod.

Abin da ya ƙara matsa musu lamba kuɗi ne. Amazon suka fito da Kindle Fire a Nuwamban 2011 a kan dala 199, sannan a Yulin 2012 Google da Asus suka kawo Nexus 7 ita ma dala 199, kuma Nexus 7 ba tarkace ba ce, tana da sauri, fuskarta tas. A lokacin sabuwar iPad daga dala 499 take farawa, tsohuwar iPad 2 kuma 399. Kaga akwai wani wawakeken rami tsakanin 199 da 399 da Apple ba su da tabilet ko ɗaya a ciki.

Yanzu ga lissafin 7.9 ɗin, ka ɗan natsu a nan don shi ne zuciyar maganar. Fuskar iPad ta farko da iPad 2 tana da ɗigo 1024 a tsaye, 768 a kwance, ɗigon nan su ne 'yan ƙananan fitilun da ke haɗuwa su ba da hoto, waɗanda ake kira fikzil. In ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ɗigo 1280 ne cif. A fuska mai inci 9.7 hakan ya ba da ɗigo 132 a kowane inci. Ita kuma iPhone ta farko har zuwa 3GS, fuskarta ɗigo 163 ce a kowane inci. To raba 1280 da 163 ka gani, zai ba ka 7.85, in ka cike shi ya zama 7.9. Shi kenan, lambar daga nan ta fito. Suka ɗauki dukkan fuskar iPad 2 ba a rage ɗigo ko ɗaya ba, suka matse ta zuwa cunkoson ɗigo irin na tsohuwar iPhone.

Me ya sa sai cunkoson iPhone? Saboda tun zamanin iPhone ta farko akwai ƙa'idar da Apple suka ba masu rubuta manhaja, cewa duk abin da za a taɓa da yatsa kar ya gaza ma'auni 44 a tsaye da kwance. A iPhone wannan 44 ɗin yana ba da kusan milimita 7, kuma miliyoyin mutane sun shekara biyar suna latsa maɓalli mai wannan girman ba wanda ya nemi sanfefa. A babbar iPad 44 ɗin nan ya kumbura ya kai kusan milimita takwas da rabi, wato akwai rara. Da aka matse zuwa 7.9 rarar ce kawai ta tafi, maɓallin ya dawo daidai girman na iPhone. Da sun sauka ƙasa da haka zuwa 7, da maganar Jobs ta tabbata a kansu. Shi ya sa ni a ganina ba su ƙaryata shi ba, sun nemo iyakar inda maganarsa ta tsaya ne suka tsaya daidai kan layin.

Ribar wannan kuwa babba ce. Ranar da aka ƙaddamar da ita akwai manhajoji sama da 275,000 da aka yi musamman don iPad, kuma dukkansu suka hau mini ba tare da an taɓa layi ɗaya na rubutun manhajar ba, don ita manhajar ba ta ma san an canza mata gida ba, a wajenta iPad 2 ce kawai. A ɓangaren Android a lokacin yawancin abin da za ka samu a tabilet manhajar waya ce aka ja ta ta miƙe, rubutu can gefe, fili fetal a tsakiya.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don laifina ne ba na kowa ba. Ina da wata 'yar manhajar lissafin kaya da na yi, a ƙasanta na jera maɓallai shida, kuma don son a ga kyau na rage su zuwa ma'auni 32, na ce ai fili ne da yawa a iPad, a babbar kuwa ba wanda ya taɓa kuka. Ranar da na fara ɗora ta a mini na kai babban yatsa zan danna adanawa sai na danna gogewa, na sake, na sake dannawa ba daidai ba, har na koma ina kai ɗan ƙaramin yatsa a hankali kamar mai cire ƙaya. Duk wanda ya bi ƙa'idar 44 bai ji komai ba, mu masu wayo ne muka kwana muna gyara. Tun ranar ban ƙara sauka ƙasa da 44 ba.

Siffar fuskar ma tana da nata tasirin. Mini ta riƙe 4:3 irin na babbar, wato ta fi kusa da shafin littafi, su kuma Nexus 7 da ire-irenta 16:10 ne, dogaye sirara. Shi ya sa duk da a baki bambancin bai kai inci ɗaya ba, a fili mini ta fi da kusan kashi 35 cikin ɗari, inci murabba'i 29.6 a kan 21.9. Wajen karanta shafin intanet ko takardar PDF wannan faɗin yana da daɗi sosai. Wajen kallon fim kuma abin ya juya, baƙin layi sama da ƙasa ya cinye rarar, a nan doguwar ta fi dacewa.

To amma faɗin ya kawo matsala, don in fuskar ta yi faɗi sannan ka bar mata kauri a gefe irin na babbar iPad, hannu ɗaya ba zai kama ta ba, kuma ai dalilin yin ta kenan. Sai suka yanke gefen hagu da dama ya zama siriri, sama da ƙasa suka bar shi da ɗan kauri. Jikinta gaba ɗaya ya tsaya a milimita 200 a tsaye, 134.7 a kwance, mai matsakaicin hannu zai iya damƙe ta daga baya, babban yatsa a gefe ɗaya sauran a ɗaya gefen, ko da yake da ɗan miƙewa. Sai wata matsalar ta sake ɓullowa, in ka riƙe ta kamar littafi babban yatsanka dole ya hau kan fuskar tunda babu wurin ajiye shi. Wannan da manhaja suka magance shi, iOS 6, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, tana bambance yatsan da ya kwanta a gefe yana hutawa da wanda ya zo taɓawa da gangan. Gwada ka gani in kana da ita, ɗora babban yatsa a bakin fuskar ka bar shi, sannan ka ja shafi da ɗaya hannun, shafin zai tafi kamar ba komai. Irin wannan aikin ba ya fitowa a takardar talla amma shi ne ke sa abu ya zauna a hannu.

Kaurinta milimita 7.2, nauyi giram 308, alhali babbar iPad ta lokacin ta haura giram 650. Wanda bai riƙe su biyun ba ba zai gane ba, ko rabin nauyin babbar ba ta kai ba fa, ita babbar in kana kwance kana karatu minti ashirin hannu ya fara tsami, in barci ya ɗauke ka ta faɗo maka a hanci kuwa sai ka tashi. Bayanta alminiyon ne guda, gefen gilashin an yi masa yankan gira mai sheƙi irin na iPhone 5, launi biyu, baƙi da fari. Ta zo da sabuwar kafar caji ta Lightning wadda aka fara da iPhone 5 wata guda kafin nan, ƙarama mai shiga ta kowane gefe, maimakon tsohuwar mai faɗi mai haƙora 30. Lasifika biyu a ƙasa, kyamarar baya megafikzil 5, ta gaba 1.2, batir kuma awa goma kamar yadda suka saba alkawari.

Cikinta kam tsohon kaya ne, wannan ba a ɓoye yake ba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, A5 ne irin na iPad 2, ram kuma, inda take riƙe abin da ka buɗe, megabait 512. A 2012 yana aiki lafiya lau, amma ram ɗin nan shi ya zama ajalinta daga baya, da aka kai iOS 8 da 9 sai ta koma tana jan ƙafa, ka buɗe shafi uku a burauza ka dawo na farko sai ya sake lodi daga tushe. A iOS 9 ɗin ta tsaya.

Ƙaddamarwar an yi ta ranar 23 ga Oktoba 2012 a wani tsohon gidan wasa, California Theatre, da ke San Jose a Amurka. Tim Cook, wanda ya gaji Jobs a shugabancin Apple, ya buɗe taro, Phil Schiller shugaban sashen talla na lokacin shi ya nuna ta, kuma ya yi abin da Apple ba su cika yi ba, ya ɗora hoton Nexus 7 ɓaro-ɓaro kusa da mini yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, roba da alminiyon, faɗin shafi da faɗin shafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa ya hana su barci. A taron ne kuma suka fito da iPad ta huɗu, wata bakwai kacal bayan ta uku, waɗanda suka sayi ta ukun a Maris ransu bai yi daɗi ba ko kaɗan.

Da aka faɗi kuɗin sai mutane suka yi turus. Dala 329 mai gigabait 16, 429 mai 32, 529 mai 64, in kana son mai ɗaukar layin waya ka ƙara 130. Da yawa sun sa ran 249 ko 299. Ga shi fuskar ba Retina ba ce, wato irin fuskar Apple mai cunkoson ɗigo da ido ba ya rarrabe su, ɗigo 163 ne kawai a inci, alhali Nexus 7 da Kindle Fire HD masu dala 199 suna da 216, wato mai arha ta fi mai tsada kaifin rubutu. Amazon har suka manna kwatancen a shafinsu na farko. Kuma gaskiya ne, in ka saba da fuskar iPhone 4 ko iPad ta uku ka dawo kan mini ta farko, ƙananan haruffa za ka ga gefensu da ɗan gaushi kamar an yanka da tsohon almakashi. Dalilin rashin Retina ɗin ba rowa ce kaɗai ba, iPad ta uku da ta samu Retina sai da ta ƙara kauri da nauyi saboda batirin da fuskar ke ci, in aka cusa wannan a mini a 2012 siririn jikin da rashin nauyin duk sun tafi. Suka zaɓi hannu a kan ido. Game da farashi kuma kasuwancin ne ya bambanta, Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, da kansa ya faɗa cewa Kindle a kan kuɗin ƙira suke sayar da ita, ribarsu na zuwa ne in ka sayi littafi da fim, su kuwa Apple a jikin na'urar suke cin riba.

An fara karɓar oda ranar 26 ga Oktoba, ta shiga shaguna 2 ga Nuwamba, 'yan kwanaki bayan guguwar Sandy ta daki New York, layukan ma ba su kai na iPhone tsawo ba har wasu suka fara cewa ta faɗi. Bayan kwana uku Apple suka sanar sun sayar da miliyan 3, sai dai sun haɗa mini da iPad ta huɗu a lissafi ɗaya ba su raba ba.

Lissafin ɗigon nan ya sake yi musu rana bayan shekara guda. Mini ta biyu da ta fito a Nuwamban 2013 ta ninka komai, 2048 da 1536, ya zama ɗigo 326 a inci, daidai da na iPhone 4, ga firosesa A7 irin na iPad Air, kaurin ya ƙaru kaɗan zuwa 7.5, farashi ya hau 399. In ka tambaye ni wannan ce mini ɗin da suka so yi tun farko. Ta uku a 2014 kusan na'urar karanta zanen yatsa kawai aka ƙara mata. Ta huɗu a 2015 ta sirance zuwa 6.1, daga nan aka yi shiru sama da shekara uku har mutane suka yi mata sallar gawa, don wayoyi sun girma, iPhone 6 Plus inci 5.5 ce, su Galaxy Note dama sun riga, mai babbar waya a aljihu me zai yi da ƙaramar tabilet. Nexus 7 ɗin da ta tayar da ƙurar ma daga ta 2013 ba a sake yin wata ba. Sai a Maris 2019 ta biyar ta fito da firosesa A12, tana kuma aiki da alƙalamin Apple Pencil, a cikin tsohon jikin dai.

Babban sauyin siffa sai a Satumban 2021, mini ta shida. Aka cire maɓallin gida, na'urar zanen yatsa ta koma kan maɓallin kunnawa a sama, caji ya koma USB-C, fuska ta zama inci 8.3 a jikin da bai fi na da girma ba, nauyi giram 293, farashi 499. Ɗigon ya zama 2266 da 1488, wato an bar 4:3 ɗin an ɗan ƙara tsawo, kuma zuwa lokacin manhajoji sun koyi miƙewa da lanƙwasawa da kansu don haka dabarar 2012 ba ta zama dole ba. Amma duba cunkoson, har yanzu 326 ne, ninkin 163 ɗin nan na iPhone ta farko. Ita ce kuma aka yi ta ƙorafi a kanta cewa in kana jan rubutu a tsaye gefe ɗaya yana ɗan riga ɗaya kamar rubutun na rawa, Apple suka ce haka irin wannan fuskar take aiki, tana sabunta hoto layi bayan layi. Ta bakwai a Oktoban 2024 jikin bai canza ba, firosesa A17 Pro aka sa mata, ma'ajiya ta fara daga gigabait 128.

Masu riƙe da ita har yau mutane ne da girman ya yi wa daidai da aiki. Matuƙa ƙananan jiragen sama suna ɗaure ta a cinya ko a jikin sitiyarin jirgi don taswira, babbar iPad tana tare musu agogunan gaba. Likitoci suna jefa ta a aljihun farar riga. Sai masu karatu da yawa, irina, da ke son shafin PDF ya fito cikakke ba tare da hannu ya gaji ba. In niyyarka rubutu mai yawa ne da buɗe manhaja biyu gefe da gefe, za ta matse ka, madannin da ya yi daidai da faɗin santimita goma sha uku da rabi ba na yatsu goma ba ne. In kuma tsohuwa za ka nema, kar ka sauka ƙasa da ta biyar, ta farko zuwa ta uku yawancin manhajojin yanzu ba za su ma sauka a kansu ba.